Fiyano da Kwamfuta: A Ina Ya Kamata Ribab da Kwamfiresa Su Shiga?

Duk wanda ya haɗa ɗan situdiyo a ɗakinsa, a Garwa ne ko Marwa ko Kusiri, akwai ranar da zai tsaya a kan wannan tambaya. Ga fiyano, ga kwamfuta, ga 'yan kuɗin da suka rage a hannu. A bar fiyano ya ƙawata sautinsa da kayan da aka gina masa a ciki? A sayi akwatin kwamfiresa, mai danne sauti inda ya yi ƙarfi, da na eko, mai maimaita sauti, a jera kan tebur? Ko a ɗauki sautin tsurarsa, a yi masa gyara a cikin kwamfuta? Kowace hanya tana da masu rantsuwa da ita. Tawa ita ce ta ukun, da sharaɗi guda: abin da yake cikin jinin muryar a ɗauke shi tare da ita, abin da yake ado ne kawai a bar wa kwamfuta. Amma akwai mutanen da wannan shawara ba tasu ba ce, kuma zan zo kansu.

Idan na ce fiyano, ina nufin duk injin kiɗa mai maɓallai da ke fitar da sauti da kansa: Yamaha PSR da Korg Pa waɗanda suka cika gidajen biki da majami'u da situdiyoyinmu, da kuma sintesaiza irin su Korg Minilogue, Arturia MicroBrute, ko tsofaffin da ake tsinta a kayan gwanjo. Yawancin na dā ba su da ado sosai a ciki. Yamaha DX7 da ya fito a 1983 ba shi da ribab, wato amon da ke biyo bayan sauti kamar a cikin zaure, ko eko, sai an haɗa masa akwati daga waje. Daga Roland D-50 a 1987 da Korg M1 a 1988 ne aka saba da fiyano mai ɗauke da nasa ribab, kuma tun daga lokacin kamfanoni suke lafta wa muryoyinsu amo, don mai saye ya danna maɓalli ɗaya a shago ya ji daɗi ya zaro kuɗi. An tsara waɗannan muryoyi ne don a ji su su kaɗai. Ba a tsara su don su zauna a ƙarƙashin muryar mawaƙi da 'yan amshi huɗu da kalangu ba. Nan matsalar hanya ta farko take.

Ba ina raina ta ba ne. Kayan cikin fiyano ba su buƙatar sisi, ba su kawo jinkiri, kuma abin da kunnenka ya ji yayin da kake kaɗawa shi ne abin da zai shiga faifai. Wannan yana taɓa hannun makaɗi fiye da yadda ake zato. Sannan akwai muryoyin da idan ka cire musu nasu kayan sun mutu. Ogan ba tare da jujjuyawar sifikarsa ba, jita ba tare da ƙazantar nan da ke ba ta haƙori ba, fiyanon lantarki ba tare da rawar muryarsa ba, duk fanko ne. Roland Juno-106 na 1984 da koras ɗinsa, mai sa murya ɗaya ta fito kamar da yawa, aka san shi, har da 'yar hucin da yake yi. Irin waɗannan, ɗauke su yadda suke.

Ribab fa daban ne. Gishiri ne a miya: kullum kana iya ƙarawa, amma in ya shiga ya shiga. Ka ɗauki goge da ribab mai tsawo yau, jibi mawaƙiya ta zo ta hau, sai ka tarar muryarta tana gaba kamar a cikin ɗaki ƙarami, kiɗan kuma yana can nesa kamar a babban zaure, sun ƙi haɗuwa. Ba ka da abin yi sai sake ɗauka. Abin da ya fi haka muni yana faruwa ne idan ka ɗora kwamfiresa a kan sautin da ya riga ya sha ribab. Kwamfiresa tana danne wurin da sauti ya yi ƙarfi, kai kuma ka ɗaga duka don ka mayar da abin da aka danne, sai wutsiyar ribab ɗin da take can ƙasa ta taso ta cike duk wani gurbi tsakanin bugu da bugu. Wannan shi ne dalilin da ya sa wasu waƙoƙinmu suke fitowa a cakuɗe, kana jin kiɗa amma ba ka rarrabe kayan.

Kashe shi ba wuya. A manyan PSR akwai shafin Mixing Console, inda kowane sashe yake da nasa maɓallin ribab da na koras. Mayar da na ribab sifili. In kana turo kiɗan daga kwamfuta ta MIDI, wato saƙonnin da ke gaya wa fiyano abin da zai buga ba sautin kansa ba, saƙo mai lamba 91 shi ke riƙe da yawan ribab, mai lamba 93 kuma koras. Ka duba ma babbar kwamfiresa da babbar ikwalaiza, mai ƙara ko rage kauri da sirantar sauti, da irin su PSR-S970 da S975 suke ɗorawa a kan dukan abin da ke fita, domin an yi su ne saboda sifikun jikin fiyanon da filin biki. In za ka yi ɗauka, kashe su.

Akwai wani cikas da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Yawancin fiyanonmu kafa biyu kawai suke da ita ta fitar da sauti, hagu da dama. Ganga da bes da jita da goge duk a haɗe suke fitowa. Idan haka ka ɗauke su, to kwamfuta ba ta da abin da za ta yi maka sosai, ko da filogin ɗari ka mallaka, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, domin duk abin da ka yi wa bes ka yi wa ganga. Mafita ita ce ɗauka sashe-sashe: ka fara adana kiɗan a matsayin MIDI a kwamfuta, sannan ka riƙa mayar wa fiyano sashe ɗaya kana ɗaukar sautinsa, ka koma na gaba. Waƙar minti biyar mai sassa takwas minti arba'in ce ta zama kana jira, ban da gyare-gyare. Wannan shi ne ainihin farashin hanyar kwamfuta, lokaci ne ba kuɗi ba. Wasu injuna sun rage wahalar, kamar PSR-SX900 mai ƙarin kafa biyu, ko Yamaha MODX da ke tura layuka da dama ta USB. Kuma MIDI ɗin nan kada ka goge shi. Ranar da mai waƙa ya ce a sauya sarewa zuwa algaita, ko a sauke kiɗan saboda ya fi ƙarfin maƙogwaronsa, shi zai cece ka.

Hanya ta biyu, wato akwatunan waje, ita ce ta fi ɗaukar ido. Baƙo ya shigo ya ga fitilu suna hawa da sauka, ya san ya zo situdiyo. Kwamfiresoshi masu sauƙin kuɗi irin su dbx 266xs da Alesis 3630 suna yawo a hannun masu kayan sauti, kuma mikisa da yawa suna zuwa da eko a jiki. Amfaninsu na gaskiya ne: hannunka yana kan maɓalli, babu jinkiri, babu ruwansu da ƙarfin kwamfuta, kuma gobe kana iya ɗaukarsu zuwa wurin biki. Dalilin da ya sa mutanen dā suke matse sauti kafin ya shiga shi ne kaset, mai huci a ƙasa da fashewa a sama, tilas a cusa kiɗa a tsakani. Yau katin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, mai ɗauka a bit 24 yana da fili mai yawa ƙwarai, har ka ɗauka a hankali, ƙololuwar ƙara tana tsayawa wajen dB 12 (dB ma'aunin ƙara ne) ƙasa da sifili, wato iyakar da sauti ke fashewa, ba ka rasa komai ba. Wancan dalilin ya tafi.

Abin da ya rage shi ne wahalhalun. In ka matse a hanya ka wuce gona da iri, babu komawa. In mai waƙa ya dawo bayan sati biyu yana son a taɓa wani wuri, kwamfuta za ta buɗe maka aikin yadda ka bar shi, akwati kuwa sai in ka ɗauki hoton maɓallansa da waya. Akwati ɗaya layi biyu kawai yake ɗauka a lokaci guda, filogin ɗaya kuwa ka ɗora shi a layi ashirin. In kuma kana son amfani da akwatin bayan ɗauka, wato sauti ya fita daga kwamfuta ya ratsa ta cikinsa ya dawo, kana buƙatar kati mai kafa huɗu ta fita, irin Scarlett 4i4 ko Behringer UMC404HD, domin mai kafa biyu sifikunka sun riga sun cinye su. Kowane ƙarin akwati kuma ƙarin waya ne, ƙarin soket, ƙarin hanyar da gurnanin wuta zai bi ya shigo, da ƙarin maɓallan da ƙurar hunturu za ta shiga su fara ƙarar-ƙarar in an murɗa. Ra'ayina a nan ba ɓoye ba ne: kwamfiresar waje mai araha ba ta fi filogin na kyauta iya aiki ba, sau da yawa ma ba ta kai shi tsafta ba. Waɗanda suke da launin sauti nasu na musamman, irin 1176 da LA-2A na ainihi, kuɗinsu ya fi na dukan situdiyon yawancinmu.

Sai kwamfuta. Tun 1996 da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin filogin na VST, kayan da suke cika kabad suka koma cikin manhaja. Mai manhajar haɗa waƙa ta FL Studio yana da Fruity Limiter da Parametric EQ 2 da Fruity Reeverb 2 tun daga ranar farko. Mai Cubase yana da nasa. Reaper, wanda lasisinsa na ƙaramin mai sana'a dalar Amurka 60 ne kuma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta, yana zuwa da ReaComp da ReaEQ. A cikin na kyauta, halal ba na sata ba, akwai TDR Kotelnikov da TDR Nova, akwai DC1A na Klanghelm mai maɓalli biyu, akwai Valhalla Supermassive don amo mai faɗi, akwai TAL-Chorus-LX da aka kwaikwayo daga koras ɗin Juno-60. Waɗannan sun ishi mutum shekaru. Fasassun filogin da ake turawa a filasha kuwa, ban da haƙƙin masu su, su ne babbar ƙofar da ƙwayar cuta ke bi ta shiga kwamfutar da ke ɗauke da wahalar mutane.

Babban ƙorafin makaɗa a kan kwamfuta shi ne jinkiri: ka danna, sauti ya biyo baya. Lissafinsa a fili yake. Bafa ita ce yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su. A saurin ɗauka na gutsure 44,100 a sakan, bafa 128 tana cin kusan milisakan 3, bafa 256 kusan 6, bafa 512 kusan 12, bafa 1024 kusan 23. Sautin fiyano kuwa shiga yake yi ya fito, don haka ninka biyu ka ƙara ɗan abin da katin yake ci. Ƙasa da milisakan 10 yawancin hannaye ba sa damuwa, tunda sauti a iska ma milisakan 3 yake ci kafin ya yi mita ɗaya. Daga 20 zuwa sama, mai kaɗa kalangu a fiyano zai fara tuntuɓe. A Windows ka tabbata kana kan direban ASIO na katinka, wato manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta. Ka kuma sani wasu filogin, musamman limita, masu hana ƙara wuce iyaka, irin masu leƙen gaba, suna ƙara nasu jinkirin. A ajiye su sai an gama ɗauka.

Ga dabarar da ta sa nake ganin wannan ƙorafi bai isa ya hana kowa ba. Kusan kowane katin sauti yana da maɓallin saurare kai tsaye, wanda ke mayar maka da sautin fiyano kunne tun kafin ya shiga kwamfuta. Kunna shi, tsurar sautin ya zo maka babu jinkiri. A cikin manhaja kuma ka tura layin zuwa ribab da aka saita ya fitar da amo zalla, ka hana tsurar fitowa ta can. Amon zai makara da 'yan milisakan, amma ai amo dama a baya yake zuwa, kunne ba ya jin laifinsa. Ka kaɗa cikin jin daɗi, faifai kuma ya ɗauki sauti mai tsafta.

Yanzu kwamfiresa kanta, wadda ita aka fi zalunta. Muryar mutum tana hawa da sauka ba shiri, shi ya sa take buƙatar matsi. Fiyano ba haka yake ba. Muryoyin PSR da Pa samfura ne da aka riga aka daidaita a masana'anta, kuma ƙarfin kowane bugu yana rubuce a MIDI, kana iya gyara shi da hannu. In nota ɗaya ta yi tsalle, rage ƙarfinta a can ya fi ɗora kwamfiresa a kan layin gaba ɗaya. Goge mai ja da ogan da shimfiɗar da ke bayan waƙa galibi ba su buƙatar komai sai a yanke musu ƙasa da ikwalaiza, su bar wa bes wuri.

Inda take da aiki sosai shi ne bes, musamman na sintesaiza analog, inda wata nota ke fitowa da kauri wata ta sirance saboda yadda tacewar injin ke aiki. Fara da reshiyo (yawan matsi) 3:1 ko 4:1, atak (saurin kamawa) tsakanin milisakan 10 da 30, rilis (saurin saki) wajen 100, ka sauke tireshol (matakin ƙarar da matsi ke farawa) har mita ta nuna ana danne dB 3 zuwa 4 a wuraren ƙarfi. Wurin farawa ne wannan, kunne ke ƙarasawa. Ga ganga da kalangu, atak shi ne komai. In ya yi sauri da yawa, kwamfiresa za ta cafke kan bugun, wato ɗan tsinin nan na farko da ke sa ƙafa motsi, sai kalangu ya koma laushi kamar an lulluɓe shi. Ba shi milisakan 20 zuwa 30 ya wuce tukuna. Rilis kuma ya saki kafin bugu na gaba ya iso, in ba haka ba kiɗan zai riƙa shaƙewa. Fiyano mai jin nauyin yatsa, reshiyo 2:1 da dB 2 ko 3 sun wadatar.

Abu biyu kwamfuta ke yi cikin sauƙi waɗanda a akwati sai an sha wayoyi. Ɗaya shi ne ganga ta riƙa danne bes na ɗan lokaci duk sanda ta buga, don kada su yi karo a ƙasa. Ɗayan shi ne a kwafi layin ganguna a matse kwafin sosai, a zuba kaɗan daga cikinsa ƙarƙashin na asali, a samu kauri ba a rasa tsini ba. Haka ma eko: na manhaja yana bin saurin waƙa da kansa. A akwati sai ka raba 60,000 da saurin, waƙa mai bugu 100 a minti ta ba ka milisakan 600 a bugu, kiɗanmu mai tafiya uku-uku kuma ya nemi 200.

Kada ƙara ta ruɗe ka. Duk abin da ya fi ƙara kunne yana cewa ya fi daɗi. Daidaita ƙarar bayan matsi da ta kafin matsi, sannan ka kunna ka kashe. In ba ka ji ribar ba, cire ta.

Sai abin da ya shafe mu mu na nan fiye da mai situdiyo a Turai: kwamfiresa tana tona asirin ƙazamar wuta. In ka danne dB 6 ka mayar da dB 6, huci da gurnanin da ke ƙasa su ma sun tashi da dB 6. Wutarmu bolt 220 ce mai kaɗawa sau 50 a sakan, kuma gurnaninta yana zaune daidai inda bes yake, ba a cire shi ba tare da an taɓa bes ba. Saboda haka kafin maganar kowane filogin, gyara hanyar shigowa. Wayoyin jak su zama gajeru, nesa da caja. Fiyano ya shiga kafar layi, maɓallin jita a kashe, wutar bolt 48 ta makirufo ma a kashe in wayarka mai bakin XLR ce. In ƙaramin PSR-E ne mai kafar hedifon kaɗai, nemi waya mai rabuwa biyu. Ka ji zuzu? Zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, ka gano mai laifi, kuma maganinsa akwatin DI ne, ɗan akwatin da ake sawa tsakanin fiyano da kati, mai raba wayar ƙasa ta lantarki, ko ɗauka a kan batir. Kada ka karya ƙafar ƙasa ta fulogi, ranka ya fi waƙa. Tsiwar da ke bin wayar USB kuma sau da yawa tana tafiya in ka koma MIDI mai baki biyar, domin an gina shi da rabuwar lantarki tsakanin injin da injin. Janareta da inbata mai araha suna da nasu zuzun.

Yanayinmu yana ba kowace hanya nata rabon wahala. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai, kuma a shekarun da ruwa ya ja baya kowa ya san yadda rabon wuta yake. A nan kwamfuta ta yi nasara: in ka riga ka ɗauki sassanka, laftof da katin da ke cin wuta ta USB da hedifon za su ci gaba da aiki a batir, alhali akwatuna sun yi shiru. Amma zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, yana sa laftof ta rage gudunta don kare kanta, sai ka ji sauti yana tsattsagewa. Ɗaga ta daga kan tebur iska ta ratsa, a busa mata ƙura, ka mayar da bafa 1024 lokacin haɗa sauti tunda jinkiri ba ya cutarwa a nan, ka daskarar da layukan da ka gama. Kuma ribab ɗaya ko biyu da kowane layi ke aika wa kasonsa ya fi guda goma a warwatse. Ya fi sauƙi ga injin, ya kuma sa kayan kiɗan da mawaƙi su zauna ɗaki ɗaya.

To wa zai bi wace? In aikinka biki ne da taro da majami'a, ɗauka kuma ta tuni ce kawai, zauna a kan kayan cikin fiyano, ka rage ribab zuwa rabin abin da masana'anta ta sa, domin fili da zaure suna ƙara nasu. In kana fitar da tallar rediyo uku a yini kuma mai aiki yana tsaye a kanka, ɗauka sashe-sashe ba taka ba ce. Raba ko da gida uku, ganguna daban, bes daban, saura a haɗe, ribab a kashe. In kwamfutarka ta tsufa ƙwarai, eko na mikisa zai taimaka wajen saurare, amma ka ɗauki tsura. Wanda kuwa yake son waƙarsa ta tsaya kusa da waɗanda ke fitowa daga Kano da Duwala ba tare da ta ji kunya ba, hanyar kwamfuta ce tasa.

Kuɗin da ka tanada don akwatin kwamfiresa, ɗan'uwa, ga inda zan kai su da ni ne: katin sauti mai kafa biyu ta layi da direba nagari, wayoyi masu kyau, DI mai layi biyu, sitabilaiza don kare fiyano, sannan hedifon da ba ya ƙara wa bes ƙarya. In wani abu ya rage, a sa labule mai kauri da katifa a bango. Kafin ka miƙa aiki kuma, haɗe hagu da dama su zama ɗaya ka saurara, sannan ka ji shi a sifikar waya da ƙaramar sifikar Bluetooth irin ta teburin mai shayi, domin a nan yawancin mutane za su ji shi, kuma koras mai faɗi da yawa yakan sirance ko ya ɓace in an haɗe. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, don ya isa yadda ka fitar da shi.